Leshin Hannu: Kundin Aikinmu Mu Shida

Asabar, 6 ga Satumba

Yau muka yi zamanmu na farko, mu shida, kuma ni aka ɗora wa nauyin rubuta abin da ke gudana, mai daɗi da marar daɗi, domin duk wanda ya biyo wannan hanya a bayanmu ya san inda ƙaya take. Abin da muka sa a gaba shi ne shimfiɗar tebur guda ɗaya, wadda za a haɗa da ƙyallen lilin tsaga bakwai da leshin hannu tsaga shida a tsakaninsu, kowace ɗayanmu ta saƙa tsaga ɗaya mai tsawon santimita 48 da faɗin kusan santimita 4. Ni kaɗai ce na taɓa riƙe kwarkwaron leshi, wato ɗan siririn icen da ake naɗa zare a jikinsa, shi ma shekara ɗaya ke nan da na fara koya wa kaina, amma sauran, in ban da Auta, ba baƙin zare ba ne. Gwaggo ta shafe fiye da shekara talatin tana saƙar kwarashi, Malama da ƙawarta suna surfani, Yaya Babba tela ce, Auta kuwa sha'awa ce zalla ta kawo ta.

Na fara da bayanin cewa leshin da muke nufi ba na inji ba ne. Tun daga shekarar 1809, lokacin da John Heathcoat ya yi rajistar injinsa na saƙa ragar leshi a Ingila, da kuma injin John Levers da ya biyo baya a Notingham a 1813, leshin inji ya yi ta yawaita har ya kusa mantar da mutane cewa an shafe fiye da shekara 250 kafin nan ana yinsa da yatsu. Na hannun iri biyu ne manya. Akwai wanda ake ginawa da allura da zare ɗaya, akwai kuma wanda ake saƙawa da kwarkwaro masu yawa a kan matashi mai tauri, ana kafa fil a kan zanen da aka huda a kwali domin ya riƙe zaren a inda ya kamata. Na biyun muka zaɓa, kuma a cikinsa muka ɗauki salon da ake kira Toshon, saboda layukansa duk a karkace suke bisa kusurwa mai digiri 45, don haka mai koyo yana iya ƙirga ramukan ya gane inda ya kauce.

Asabar, 13 ga Satumba

Ranar haɗa kaya. Zanen da na zaɓa yana buƙatar kwarkwaro 28, waɗanda ake aiki da su biyu-biyu, mu kuma muka sa wa kowane biyu suna tagwaye, ke nan tagwaye 14 ga kowace mace, jimillar kwarkwaro 168 gare mu duka. Sayen wannan adadi ya fi ƙarfin abin da muka tara, saboda haka muka kai wa wani kafinta ɗaya daga cikin nawa ya yi mana irinsa, tsawon santimita 11, da siririn wuya inda zare zai naɗu da ɗan kai a sama da zai hana shi zamewa. Wannan kaɗai ya cinye kusan rabin kuɗinmu. Sauran ya tafi ga zare da fil da ƙyallen lilin, kuma ɗan abin da ya rage muka ajiye a hannun Gwaggo saboda abin da ba a zata ba.

Matashin da masu wannan sana'a suka gada ana cusa masa busasshiyar ciyawa ne a daddanne ta har ya yi tauri kamar katako. Mu da farin soso mai tauri muka yi namu, irin wanda ake tallafe kaya da shi a cikin kwali, muka yanka shi gida uku-uku, muka lulluɓe kowane gida da ƙyalle mai duhu marar gashi. Hikimar yanka shi ita ce, idan saƙa ta kai ƙarshen gida na uku, sai a zare na sama da aka gama da shi a mayar da shi ƙasa, aiki ya ci gaba ba tare da an ɗaga leshin daga kan fil ba.

Wajen zaɓen zare Malama ta so mu ɗauki mafi siriri domin ya fi kyau a ido, na ce a'a. Ƙa'idar da na koya ita ce a naɗa zaren a jikin rula a ƙirga, kuma naɗi kusan goma sha biyu ne ya kamata ya cike tazarar da ke tsakanin ramuka biyu na bakin zanen. Tazarar namu milimita 6 ce, ke nan muna neman zaren da naɗinsa ashirin zai cike santimita ɗaya. Idan zare ya yi siriri fiye da haka leshin zai fito a sake kamar tsohuwar raga, idan kuma ya yi kauri ramukan adon za su toshe. Mun ɗauki farin zaren auduga mai sheƙi, mun bar na lilin sai gaba, domin lilin ba ya miƙewa ko kaɗan kuma yana saurin tsinkewa idan ya bushe da yawa.

Laraba, 17 ga Satumba

Kwarkwaro sun iso. Goma sha tara suna da kaushi a wuya wanda zai iya cin zare, na goge su da takardar yashi mai laushi na shafa musu ɗan kakin zuma.

Asabar, 20 ga Satumba

Awa biyu cur muka yi a kan naɗin zare kawai, kuma ban yi nadamar lokacin ba. Dole kowane kwarkwaro a naɗe shi ta fuska ɗaya da 'yan'uwansa, sannan a yi masa ɗan zarge a wuya, wanda zai riƙe zaren idan kwarkwaron yana rataye, ya kuma sake shi idan aka juya shi a kwance. Wadda ta naɗa ta wata fuska daban, zargenta ba ya kamawa, sai ta ga kwarkwaronta yana gangarowa ƙasa yana jan zare.

Bayan haka na nuna musu abin da ya fi ba ni mamaki a wannan sana'a tun ranar da na fara ta, wato duk wannan ado da ake gani motsi biyu ne kacal ke haifar da shi. A ɗauki kwarkwaro huɗu a jere, a ƙirga su daga hagu. Idan na biyu ya haye kan na uku, wannan shi muka kira gitta. Idan na biyu ya haye kan na ɗaya, na huɗu kuma ya haye kan na uku a lokaci guda, wannan murɗa ke nan. Gitta, murɗa, gitta yana ba da saƙa mai cika kamar ƙyalle. Gitta da murɗa kaɗai suna ba da rabin saƙa, mai kama da raga. Gwaggo ta ajiye kwarkwaronta ta dube ni ta ce, "'Yar nan, shi ke nan duka?" Na ce mata shi ke nan, abin da ya rage shi ne sanin waɗanne huɗu za a ɗauka da kuma inda za a kafa fil.

Kowa ta fara gwaji da tagwaye shida, biyar suna zaune a tsaye, ɗaya yana yawo yana ratsa su daga gefe zuwa gefe. Yaya Babba ta fi kowa saurin kamawa. Auta ta yi ta rikita gitta da murɗa.

Asabar, 27 ga Satumba

An ci gaba da gwaji, an shiga ragar Toshon: gitta, murɗa, a kafa fil, sannan gitta, murɗa. Na raba zanen aikin gaske, duk wadda ta samu ta manna nata a kan kwali ta huda ramukan da allurar da aka kafa a jikin toshiyar kwalba. Kwafin da na kawo huɗu ne kawai, don haka Malama ta tafi da ɗaya ta ƙaro biyu, nata da na ƙawarta.

Asabar, 4 ga Oktoba

Yau na yi kuskuren da ya dame ni fiye da duk wani tsinkewar zare, kuma zan rubuta shi yadda ya faru.

Auta ta zo da santimita biyar da ta saƙa a gida, ta buɗe lulluɓin matashinta tana murmushi. Kallo ɗaya na yi na ga cewa tun a layi na uku ta tsallake tagwaye ɗaya, shi ya sa gefen dama ya yi ta tattarewa, kuma akwai rami biyu da ba a kafa musu fil ba. Ba tare da na tambaye ta ba na jawo matashin gabana, na shiga warware aikin, ina cire fil ina mayar da kwarkwaro baya, har na dawo da ita inda kuskuren ya fara. Cikin minti goma na rushe abin da ta yi dare huɗu tana yi. Na miƙa mata matashin ina jin na taimake ta, ita kuma ta ce, "Na gode, Yaya," ta sunkuyar da kai, ba ta sake cewa uffan ba har aka tashi.

Da kowa ta fita Gwaggo ta riƙe ni a bakin ƙofa. Ta ce, "'Yar nan, kin gyara leshi kin ɓata yarinya. Ita ba ta ga inda ta yi kuskure ba, abin da ta gani kawai shi ne hannunki yana share nata. Kuma ke kullum abin da ya yi kyau kike kawo mana, ba mu taɓa ganin wanda kika lalata ba, to yaya za ta san cewa ke ma kin bi ta nan?" Ban sami amsa ba, domin gaskiya ta faɗa. A cikin akwatina akwai gwaje-gwaje sun fi ashirin da suka lalace a shekarar da na yi ina koyo, kuma ban taɓa nuna wa kowa ko ɗaya ba.

Asabar, 11 ga Oktoba

Auta ba ta zo ba. Ta aiko cewa tana da uzuri. Mu biyar muka shiga adon gizo-gizo, wanda shi ne tsakiyar zanen. Tagwaye biyu suna shigowa daga hagu, biyu daga dama, kowanne a murɗe sau uku domin ya zama ƙafa, sannan na hagu su ratsa na dama da cikakkiyar saƙa, a kafa fil a tsakiya, a sake ratsawa, a sake murɗawa sau uku. Idan ba a ja zaren ɗaya bayan ɗaya ba bayan an kafa fil ɗin, jikin gizo-gizon yana bajewa ya karkace.

Talata, 14 ga Oktoba

Na je wurin Auta da yamma, na tafi da tarin gwaje-gwajena da suka lalace. Na shimfiɗa su a gabanta ɗaya bayan ɗaya, na nuna mata wanda na tsallake tagwaye daidai irin nata, da wanda na ja zare har fil ya lanƙwashe, da wanda na yanke da almakashi saboda ɓacin rai. Na nemi ta yafe mini. Ta daɗe tana juya su a hannunta, sannan ta ɗauko matashinta daga ƙarƙashin gado, ashe tun ranar ba ta sake buɗe shi ba. Ta ce, "Yaya, ina so in ga yadda ake gano kuskuren, ba yadda ake cire shi ba."

Na nuna mata hanyar da ni ma ta cece ni, wato a naɗa wa tagwayen da ke yawo zare mai launi, sauran kuma a bar su farare. Da zarar mai launin ya bayyana a inda bai kamata ba, ko ya rabu da ɗan'uwansa, ido zai kama wurin nan take. Ta gwada da jan zare, kuma a layi na shida ita da kanta ta tsaya ta ce ga shi nan, ta mayar da kwarkwaro huɗu baya da hannunta, ni ina zaune hannuwana a kan cinya.

Asabar, 18 ga Oktoba

Mun cika shida. Na kawo shawarar da kowa ta amince da ita: mun buɗe wani babban littafi mai shafukan kwali, duk gwajin da ya lalace za a ɗinke shi a ciki, a rubuta a ƙarƙashinsa abin da ya faru da yadda aka gane. Nawa ne suka cike shafi huɗun farko. Mun kuma kafa ƙa'ida cewa babu mai taɓa kwarkwaron wata sai mai shi ta ce a taɓa, kuma wadda ta hango kuskure a matashin 'yar'uwarta tambaya za ta yi, kamar ta ce, "Ƙirga mini tagwayen da ke wannan gefe."

Malama ta tambayi dalilin da ya sa sana'ar da inji ya riga ya ƙwace mata kasuwa take raye har yau. A ganina dalilin shi ne ba ta taɓa rabuwa da koyarwar hannu da hannu ba. Tun a ƙarni na 16 an buga littattafan zanen leshi, ɗaya a birnin Benis na Italiya a 1557, amma zane a takarda bai taɓa koya wa kowa yadda ake jan zare ba. Shi ya sa a 1665, da ministan Faransa Colbert ya so ƙasarsa ta daina sayen leshin Italiya, mata masu sana'ar ya sa aka kawo daga Benis domin su zauna su koyar, kuma garin Alanson yana cikin wuraren da abin ya kafu. Leshin allura na wannan gari, wanda hukumar UNESCO ta sa a jerin al'adun gado na duniya a 2010, santimita ɗaya murabba'i nasa yana cin kusan awa bakwai, koyonsa kuma shekara bakwai zuwa goma. A garin Idiriya na ƙasar Slobeniya akwai makarantar leshin kwarkwaro da ke aiki tun 1876. Yaya Babba ta ce jin haka ya sa ta daina jin haushin awa ukun da zango ɗaya na zanenmu, wato yankin adon da ke maimaituwa sau takwas a tsaga, ke cinye mata.

Asabar, 25 ga Oktoba

Matsala biyu a rana ɗaya, kuma ta biyun babba ce.

Ta farko a matashin Gwaggo ta faru. Zarenta ya tsinke sau uku a mako guda, kuma kullum a kwarkwaron gefen hagu. Da muka duba da kyau sai muka ga zaren ya warware ya zama sili-sili kafin ya rabu. Kwarkwaronmu masu santsi ne, suna mirginawa a kan matashi, kuma duk mirginawar da suka yi ta fuska ɗaya tana kwance murɗin da aka yi wa zaren tun daga masaƙa, ta ɗaya fuskar kuma tana ƙara masa murɗi har ya dunƙule. Saboda irin wannan ne masu leshi na tsakiyar Ingila suke rataya zoben duwatsun ado a gindin kwarkwaronsu, ya hana su juyawa ya kuma ƙara musu nauyi. Mun huda gindin na Gwaggo mun sa musu zoben waya da duwatsu biyar-biyar. Wajen gyaran tsinkewar kuwa ba mu ƙulla ba, domin ƙulli yana fitowa a fuskar leshi. Mun rataya sabon zare a wani fil can sama, muka haɗa shi da guntun tsohon suka tafi tare na tsawon layi huɗu, sannan aka ajiye tsohon gefe domin a yanke shi daga baya.

Ta biyun ta bayyana ne da muka jera ayyukanmu domin mu gwada tsawo. Ni da Yaya Babba da Malama da ƙawarta duk mun gama zango huɗu, wato rabin aiki. Nawa da na Yaya Babba santimita 24 ne daidai, na Malama da na ƙawarta kuwa 22 da rabi. Da farko mun ɗauka jan zare ne ya bambanta, amma hakan ba zai yiwu ba tunda fil ne ke riƙe da tsawon. Malama ta ɗora rula a kan kwalinta, sai ga tazarar ramuka milimita 5.6 maimakon 6. Injin da ya yi mata kwafi ya rage girman zanen da kusan kashi shida cikin ɗari domin ya shige cikin takarda, kuma babu wadda ta lura a cikinmu. Idan suka ci gaba a haka, tsagoginsu za su ƙare a kusan santimita 45, gibin santimita 3 ke nan, wanda ba a iya ɓoye shi a shimfiɗar da gefenta ya kamata ya miƙe.

Mun daɗe muna muhawara. Yaya Babba ta ce a ja su da ruwa da dutsen guga har su kai, na ƙi, domin leshin auduga da aka miƙar da ƙarfi yana komawa yadda yake a wankin farko. Ƙawar Malama ta ce su ƙara rabin zango a ƙarshe, amma hakan zai raba gizo-gizo biyu, kuma adon ba zai yi daidai da na tsagogin da ke maƙwabtaka da su ba. Na yi shiru na bar masu aikin su yanke hukunci. Malama ta ce za ta sake daga farko. Ƙawarta ta ce gaskiya ba za ta iya ba, awa goma sha biyu ta zuba a ciki, kuma hannunta bai taɓa sakewa da kwarkwaro ba, allura ce abarta.

Asarar yau: zare kusan mita 40, kwali biyu, da aikin awa ashirin da wani abu tsakanin mutum biyu. Daga yanzu kowane zane za a ja masa layin santimita 10 a gefe kafin a kai shi kwafi, a kuma auna layin kafin a huda rami ko ɗaya.

Laraba, 29 ga Oktoba

Na huda wa Malama sabon kwali, na auna shi sau biyu. Guntayen biyu masu santimita 22 da rabi ba a warware su ba. Ɗaya ya shiga littafin kurakurai, ɗayan za a ƙarasa bakinsa ya zama alamar shafin littafi.

Asabar, 1 ga Nuwamba

Mun sake fasalin shimfiɗar domin kada ƙawar Malama ta fita daga aikin. Tsagogin kwarkwaro za su zama biyar, ƙyallen lilin shida, ita kuma za ta yi furanni huɗu na leshin allura da za a dasa a kusurwoyi. Ta zana fure a takarda, ta ɗora a kan ƙyalle ninki biyu, ta kwantar da zare mai kauri a kan layin zanen tana kama shi da ƙananan ɗinki da ke ratsa takardar da ƙyallen. Daga nan ta shiga cike ganyen furen da irin ɗinkin da ake yi wa ramin maɓalli, layi a kan layi, allurar tana kama zaren da ya gabata kawai ba ta taɓa takardar. Idan an gama sai a sa reza tsakanin ninkin ƙyallen biyu a yanke ɗinkin riƙon, furen ya ɗago shi kaɗai. Mutanen Benis sun kira irin wannan aiki ɗinki a cikin iska, kuma wanda ya ga furen ya rabu da takardarsa zai gane dalili. A zama ɗaya ta gama ganye biyu, fuskarta kuma ta sake irin yadda ban taɓa gani ba tun da muka fara.

Asabar, 8 ga Nuwamba

Aiki kawai. Zango ɗaya yanzu yana ɗaukar awa ɗaya da rabi a hannun Yaya Babba, awa biyu a hannun Auta.

Asabar, 15 ga Nuwamba

Yaya Babba ta gama tsagarta, ta bar fil a jiki kwana biyu domin zaren ya zauna, amma da ta cire sai ga ɗigo-ɗigon tsatsa guda tara a zango na biyu da na uku. Fil ɗin da muka saya kashi biyu ne, kuma kashi na biyun ƙarfe ne da aka yi wa rufi, ya kwana makonni a cikin zare a ɗaki mai laima. Masu sana'ar sun daɗe da fifita fil na tagulla saboda ba ya tsatsa, na sani, amma na bar araha ta rinjaye ni ranar sayayya. Ta so ta sa ruwan bilic, na roƙe ta kada ta yi, domin bilic yana ƙara kafe tsatsa a jikin zare maimakon ya fitar da ita. Mun ɗiga ruwan lemun tsami da ɗan gishiri a kan kowane tabo, muka shanya a rana na ɗan lokaci, muka ɗauraye sosai da ruwa mai yawa. Bakwai sun fita, biyu sun dushe amma ana ganinsu idan an matso. Ta ce a bar su.

Kuɗin da ke hannun Gwaggo ya ƙare a kan sabon fil da ƙarin zare ƙwallo ɗaya. Mun bi sauran ayyukan mun sauya duk fil ɗin da muke shakka a kansa, ɗaya bayan ɗaya, ba tare da an motsa zaren ba.

Mata biyu sun zo kallo yau. Na lura cewa tsagar Yaya Babba da aka gama sun yaba mata ne daga nesa, hannuwansu a baya, ɗaya har tana cewa wannan ba aikin irinsu ba ne. Littafin kurakurai kuwa sun zauna sun buɗe shi shafi-shafi suna tambaya, kuma Auta ce ta yi musu bayani, ta nuna musu jan zaren da ya kauce a gwajinta da yadda ta gano shi. Kafin su tafi ɗayarsu ta zauna a gaban matashin gwaji ta yi layi uku.

Asabar, 22 ga Nuwamba

Tsaga huɗu sun sauka daga kan matashi: tawa, ta Yaya Babba, ta Gwaggo da ta Auta. Bayan cire fil kowacce ta ɗan tsuke, tsakanin milimita 4 zuwa 7, kuma ta Gwaggo ce ta fi tsukewa saboda hannun kwarashi ya saba da jan zare da ƙarfi. Bambancin bai kai wanda zai hana haɗawa ba. Ta Auta tana da gizo-gizo ɗaya a zango na biyu wanda ƙafarsa ɗaya murɗi biyu gare ta maimakon uku. Ita ta nuna mana shi, ta kuma ce tana so ya zauna. Malama tana zango na shida, furanni uku sun kammala.

Yaya Babba ta ja hankalinmu cewa kada a yanka lilin kafin a wanke shi, domin yana tsukewa a wankin farko, kuma idan aka ɗinka leshi a jikin wanda ba a wanke ba zai tattare daga baya. An wanke shi yau an shanya. Mako mai zuwa za ta zare zare ɗaya-ɗaya daga jikin ƙyallen domin layin yanka ya miƙe, ta kalmashe bakin kowace tsaga, sannan mu fara haɗawa da hannu, allura tana shiga kowane ramin da fil ya bari a bakin leshin, ramuka 80 a kowane gefe, gefe goma.

Matan nan biyu sun dawo, sun zo da ta uku. Kwarkwaro 28 na ƙawar Malama suna nan babu mai amfani da su, sun isa mutum biyu su fara gwajin tagwaye shida, ta ukun kuma za ta ari goma sha biyu daga nawa. Muna buƙatar soso na matashi biyu, da jan zare ƙwallo ɗaya, da ƙarin shafuka a littafin kurakurai domin saura uku ya cika. Na tambayi Auta ko za ta karɓi darasin naɗin zare da na gitta da murɗa ranar Asabar, ta ce za ta karɓa idan zan zauna kusa da ita, na ce zan zauna.